Karayar da ta ƙi haɗewa: Matsayin sinadaran amino asid a wajen jinya

Ƙashi yana da wata baiwa da yawancin sassan jiki ba su da ita. Idan fata ta yanke, tabo ne ke cike gurbin. Amma idan ƙashi ya karye, sabon ƙashi ne ke fitowa ya ɗinke shi, har wani lokaci a kasa gane wurin bayan 'yan shekaru. Sai dai ba kowace karaya ce ke ƙarewa haka ba. Akwai wadda za a shafe watanni ana jinya, amma ɓangarorin biyu su ƙi haɗewa, mai ciwon ya kasa taka ƙafa ko ɗaga hannu, sana'a ta tsaya, kuɗin gida ya ƙare a magani.

Daga cikin abubuwan da masana suka daɗe suna nazari a kan wannan matsala akwai sinadaran amino asid, wato ƙananan tubalan da jiki ke gina furotin da su. Abin da aka gano zuwa yanzu shi ne, ƙashi ba ya haɗewa sai da su, kuma ƙarancinsu yana jinkirta warkewa. Amma su kaɗai ba sa ɗora ƙashin da ke motsi, ko wanda ƙwayoyin cuta suka shiga, ko wanda jini ya daina isa gare shi.

Yaushe ake cewa karaya ta ƙi haɗewa?

Lokacin warkewa ya danganta da irin ƙashin da shekarun mai shi. A jikin babban mutum, karayar tsintsiyar hannu kan haɗe cikin mako 6 zuwa 8, yayin da ta sangalin ƙafa ko cinya kan ɗauki wata 3 zuwa 6. Ƙashin yara ya fi na manya saurin haɗewa.

Ma'aunin da aka fi ambata shi ne na Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka: karayar da ta kai wata 9 ba ta haɗe ba, kuma aka yi wata 3 a jere hoton ƙashi bai nuna wani ci gaba ba. A aikace, likitoci da dama ba sa jira har wata 9 idan alamu sun nuna ƙashin ba zai haɗe da kansa ba. Alamun sun haɗa da ciwo a daidai wurin idan an taka ko an ɗauki kaya, motsi a inda babu gaɓa, lanƙwashewa, ko ruwa da mugunya da ke ci gaba da fita.

Wani nazari da aka wallafa a Amurka a 2016, wanda ya duba karaya fiye da 300,000, ya gano cewa kusan kashi 5 cikin 100 ba su haɗe ba. Wani da aka yi a Sikotland, aka wallafa a 2017, ya samu kusan kashi 2 cikin 100. Haɗarin ya fi yawa a sangalin ƙafa, da ƙashin cinya, da wani ɗan ƙaramin ƙashi na tsintsiyar hannu da ke gefen babban yatsa. Sangalin ƙafa na cikin ƙasusuwan da haɗarin babur da na mota ya fi karyawa, kuma gabansa fata ce kawai ta rufe shi, babu tsoka mai kauri da za ta kare shi ta kuma shayar da shi jini.

Likitoci sun kasa matsalar gida biyu manya, bisa rabon da Weber da Cech suka yi a 1976. Kashi na farko shi ne wanda jiki ya yi ƙoƙari, ya tara sabon ƙashi mai yawa a bakin karayar har ya yi kama da ƙafar giwa a hoto, amma motsi ya hana ɓangarorin kamawa. Kashi na biyu shi ne wanda bakin ƙashin ya tsotse, ya yi siriri, babu alamar sabon gini. Na farko ƙarfin riƙo yake nema. Na biyu kuwa matsalarsa tana cikin aikin jikin ne kansa, kuma a nan ne batun amino asid ya fi tasowa.

Yadda ƙashi ke gyara kansa

Ana iya kwatanta ƙashi da ginin kankare. Rodin cikinsa wani furotin ne mai kama da igiya da ake kira kolajin, simintinsa kuma kalsiyam ne da fosfet. Kolajin shi ne kusan kashi 90 cikin 100 na furotin ɗin da ke cikin ƙashi. Shi ke ba ƙashi juriya ya ɗan lanƙwasa ba tare da ya tsinke ba, kuma a kansa ma'adanan ke kwanciya.

Idan aka samu karaya, jini ne ke fara taruwa ya daskare a wurin, kumburi ya biyo baya na 'yan kwanaki. Daga nan sababbin jijiyoyin jini su ratso, jiki ya yi wata gada mai taushi ta guringuntsi da kolajin cikin mako 2 zuwa 3. Bayan haka ma'adanai su shiga gadar ta yi tauri. Mataki na ƙarshe shi ne sassaƙa, inda jiki ke rage abin da ya yi yawa ya mayar da ƙashin siffarsa, aikin da kan ɗauki watanni ko shekaru.

Kowane mataki yana cin furotin. Tun a farkon shekarun 1930, wani likita a Gilasgo mai suna David Cuthbertson ya lura cewa waɗanda suka karye a dogayen ƙasusuwa suna zubar da sinadarin naitirojin da yawa a fitsari, alamar cewa jiki yana rushe tsokarsa don ya sami kayan gyara. Wannan shi ne dalilin da ya sa mai karaya kan rame, cinyarsa ta motse, ko da yana kwance ba ya aikin komai.

Mene ne amino asid?

Duk furotin ɗin da mutum ya ci, na nama ne ko na wake, sai ciki ya narkar da shi zuwa amino asid kafin jini ya ɗauka. Daga nan jiki ya sake jera su ya gina nasa furotin. Iri 20 ne ake ginin da su. Guda 9 daga ciki jiki ba ya iya ƙera su, dole a same su daga abinci. A cikinsu akwai laisin, lusin, metiyonin da tiriftofan. Sauran jiki yana ƙera su da kansa.

Akwai kuma wani rukuni na tsakiya. Arjinin da gulutamin, alal misali, jiki yana samar da isassu a lokacin lafiya, amma bayan babban rauni ko tiyata buƙata kan zarce abin da yake iya samarwa. A irin wannan hali sai sun zo daga waje.

Waɗanda suka fi shafar ƙashi

Gilaisin da furolin su ne ginshiƙin kolajin. A jerin igiyar kolajin, kowane tubali na uku gilaisin ne, domin shi ne mafi ƙanƙanta, kuma shi kaɗai ke iya shiga tsakiyar igiyoyi uku da ke murɗe da juna. Masanin Faransa Henri Braconnot ne ya fara ware shi a 1820 daga daskararren romon da ake samu idan an dafa fata da ƙashi. Furolin kuwa sai an sauya shi da taimakon bitamin C kafin murɗin ya yi ƙarfi. Shi ya sa mai tsananin ƙarancin bitamin C raunukansa ba sa warkewa.

Laisin shi ne ke ƙulla igiyoyin kolajin da juna, kamar yadda waya ke ɗaure rodi kafin a zuba kankare. Wani bincike da aka wallafa a 1992 ya kuma nuna yana ƙara yawan kalsiyam da hanji ke tsotsa. Yana da muhimmanci na musamman a Najeriya, domin gero, dawa, masara da shinkafa duk suna da ƙarancinsa.

Arjinin yana da hanyoyi biyu a jiki. Ta hanya ta farko ana sarrafa shi ya zama naitirik oksaid, wata iska da ke buɗe jijiyoyin jini, ta taimaka wajen tsirowar sababbi, ta kuma daidaita aikin ƙwayoyin da ke gina ƙashi da masu rushe shi. Gano aikin wannan iska ne ya sa Robert Furchgott, Louis Ignarro da Ferid Murad suka sami lambar yabo ta Nobel a 1998. Ta hanya ta biyu arjinin yana zama onitin, wanda daga gare shi jiki ke samun furolin na kolajin da wasu sinadarai da ƙwayoyin halitta ke buƙata don su hayayyafa.

Sitrulin ba ya cikin tubalan furotin 20, amma ƙoda tana mayar da shi arjinin. Daga kankana aka fara samo shi, kuma daga sunanta na Latin ya samo suna. Masana sun mayar da hankali gare shi ne domin kaso mai yawa na arjinin ɗin da aka haɗiya hanji da hanta suna rushe shi kafin ya zagaya jiki, shi kuwa sitrulin yana wucewa.

Gulutamin abinci ne ga ƙwayoyin garkuwar jiki da na bangon hanji. Lusin kuma shi ke ba tsoka umarnin ta fara gini. Amfaninsu ga ƙashi a kaikaice yake, amma ba ƙarami ba ne: majinyacin da tsokarsa ba ta zube ba ya fi saurin miƙewa, kuma taka ƙafa a lokacin da likita ya ba da izini yana ƙarfafa haɗewar ƙashi.

Abin da bincike ya nuna

Mafi yawan hujjojin daga dabbobi da ɗakin gwaji suke. A 2000, masu bincike a birnin Sidni na Ostareliya sun nuna cewa idan aka toshe samar da naitirik oksaid a jikin ɓeraye, gadar da ke haɗa karaya takan yi ƙanƙanta da rauni. A cibiyar Rizzoli da ke Bolonya a Italiya an ga ƙwayoyin da ke gina ƙashi suna ƙara samar da kolajin idan aka ba su arjinin da laisin.

Masu bincike a Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan sun ɗauki batun zuwa jikin ɗan Adam. A 2012 suka wallafa sakamakon auna naman da aka ciro daga wurin karaya a lokacin tiyata, inda suka samu ƙarancin arjinin, sitrulin da onitin a karayar da bakinta ya tsotse, idan aka kwatanta da wadda ta haɗe lafiya. A 2016 suka nuna cewa ɓerayen da aka cire musu ikon samar da naitirik oksaid karayarsu takan jinkirta ko ta ƙi haɗewa. A 2020 kuma suka ba da rahoton cewa ba ɓeraye sitrulin ya inganta haɗewar ƙashinsu.

Gwajin da aka yi a kan mutane ya fi karkata ga waɗanda suka karye kwanan nan. A birnin Janeba na Suwizalan, wani gwaji da aka wallafa a 1990 a kan tsofaffi 59 da suka karye a wuyan ƙashin cinya ya nuna cewa waɗanda aka ba ƙarin abinci mai furotin sun fi samun sauƙi, kuma sun fi saurin barin asibiti. Wani na 1998 a birnin, mai majinyata 82, ya nuna cewa ƙarin giram 20 na furotin a kullum na tsawon wata 6 ya rage zaizayewar ƙashin ƙugu.

A 2022, likitocin Jami'ar Iowa ta Amurka suka wallafa gwajin da suka yi a kan majinyata 400 da aka yi wa tiyatar karaya. An ba rabinsu haɗin da ke ɗauke da arjinin da gulutamin sau biyu a rana na tsawon mako 2. Matsalolin bayan tiyata sun kai kusan kashi 30 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha, yayin da suka kai kusan kashi 44 a cikin waɗanda ba su sha ba, kuma tsokar masu shan ba ta zube sosai ba.

Wannan sakamako yana da ƙarfafa gwiwa, amma ya kamata a fahimci iyakarsa. An ba da haɗin ne nan take bayan an riga an kafe ƙashin da ƙarfe. Abin da gwajin ya nuna kariya ce daga matsala, ba maganin tsohuwar karayar da ta riga ta ƙi haɗewa ba. Saboda haka likitocin ƙashi suna ɗaukar amino asid a matsayin tallafi ga jinya, ba madadin tiyata ba.

Inda ƙarfinsu ya tsaya

A 2007, Farfesa Peter Giannoudis na Jami'ar Leeds da abokan aikinsa suka tsara sharuɗɗan haɗewar ƙashi: ƙwayoyin da za su yi ginin, sinadaran da ke ba su umarni, shimfiɗar da za su yi gini a kai, da riƙo mai ƙarfi da zai hana motsi. Daga baya aka ƙara wadatar jini da lafiyar majinyacin gaba ɗaya. Idan ɗaya ya ɓace, sauran ba sa cike gurbinsa.

Don haka karayar da ke motsi sai an kafe ta da faranti da kusoshi, ko sandar ƙarfe da ake zurawa cikin ɓargo, ko ƙarafan waje irin zoben da likitan Rasha Gavriil Ilizarov ya ƙirƙira a shekarun 1950. Wadda ƙwayoyin cuta suka shiga sai an kankare mataccen ƙashi an ba da maganin da ya dace. Wadda ke da giɓi kuma ana cike ta da ƙashin da aka ɗebo daga ƙugun majinyacin.

Akwai kuma abubuwan da ke rushe aikin daga ciki. Shan taba yana ninka haɗarin kusan sau biyu. Ciwon suga da ba a shawo kansa ba, giya, da daɗewa ana shan magungunan sitiroyid irin su deksametason ko wasu magungunan kashe zafi irin su daikulofenak ba tare da umarnin likita ba, duk suna iya kawo jinkiri. Wani nazari da aka wallafa a Amurka a 2007 ya duba majinyata 37 da karayarsu ta ƙi haɗewa ba tare da dalili bayyananne ba, ya samu 31 daga ciki suna da matsalar sinadaran jiki da ba a gano ba a baya, mafi yawa ƙarancin bitamin D.

Abin da ya kamata mai karaya ya ci

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa babban mutum mai lafiya yana buƙatar kusan giram 0.83 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Ga mai jinyar rauni ko tiyata, masana abinci kan ba da shawarar giram 1.2 zuwa 1.5. Wato mai nauyin kilo 60 da giram 50 ke isarsa a da, yanzu yana neman giram 72 zuwa 90.

Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6, kofin madara ko nono kusan giram 8. Giram 100 na dafaffen nama ko kifi yana ba da fiye da giram 20, na gyaɗa kusan 25, na dafaffen wake kusan 8. Majinyacin da ke wuni a kan koko da safe, tuwo da miya marar nama da dare, ba zai kai ko kusa da abin da ake buƙata ba.

Ba lallai sai da nama kullum ba. Hatsi yana da ƙarancin laisin amma yana da metiyonin. Wake da waken suya suna da laisin amma metiyonin ɗinsu kaɗan ne. Idan aka haɗa su sai su cike wa juna. Shinkafa da wake, koko da ƙosai, ɗanwake, da fura da nono duk haɗi ne mai kyau, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake irin wanda ake yin ƙosai da shi. Gyaɗa, ƙuli-ƙuli, riɗi da agushi suna da arjinin mai yawa, kankana kuma tana da sitrulin. Akwai ma irin masara mai ƙarin laisin da tiriftofan, wanda aka fitar a Gana a 1992 da sunan Obatanpa, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya kuma ta fitar da shi da sunan Sammaz 14.

Romon ƙashi, farfesun ƙafar saniya da ganda, waɗanda ake yawan kai wa mai karaya, suna da gilaisin da furolin, amma furotin ɗinsu ba cikakke ba ne, domin babu tiriftofan a cikinsa. Suna da amfani idan an haɗa da ƙwai, kifi, wake ko nono, tare da lemo, gwaba ko tumatir saboda bitamin C.

Hattara da na kwalba

Ana sayar da arjinin, laisin da haɗe-haɗensu a shagunan magani da ta intanet, wasu da alkawarin haɗa ƙashi cikin kwanaki. Lambar rajistar NAFDAC a jikin kwalba ba ta nufin an tabbatar da irin wannan alkawari.

Shan su ba tare da shawarar likita ba yana da haɗari ga wasu mutane. Mai ciwon ƙoda ko hanta ba ya iya sarrafa furotin mai yawa. Arjinin da sitrulin suna saukar da hawan jini, don haka haɗa su da maganin hawan jini, ko na ciwon ƙirji, ko na ƙarfin maza yana iya sa jini ya faɗi fiye da kima. Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2006 a kan waɗanda suka yi bugun zuciya an dakatar da shi ne bayan mutum 6 sun rasu a cikin masu shan arjinin, babu ko ɗaya a ɗaya ɓangaren. Yawan shansa kuma yana kawo gudawa da ciwon ciki.

Babbar asara ita ce ta lokaci. Duk watan da aka ɓata ana jiran gari ko ƙwaya su haɗa ƙashin da ke motsi, gaɓoɓin kusa suna sandarewa, tsoka tana motsewa, tiyatar da za a yi daga baya tana ƙara wahala da tsada. Haka yake ko a asibiti aka fara jinyar ko a wurin mai ɗori.

Duk wanda ya haura wata 3 da karaya yana jin ciwo ko motsi a wurin, ya dace ya nemi a ɗauki hoton ƙashin, likitan ƙashi ya duba shi. Asibitocin ƙashi na ƙasa da ke Dala a Kano, Igbobi a Legas da Inugu, da asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya, suna da sassan da ke wannan aiki. A can ne za a auna jini a ga matsayin suga, bitamin D, kalsiyam da furotin, a binciki ƙwayoyin cuta, sannan a yanke ko gyaran abinci zai wadatar ko kuwa sai an haɗa da tiyata.